Tudun da Ya So Shan Rijiyata

Bayan shekarar fara, wani tudun rairayi ya tasam ma garkata a kwarin gabas da Gure. Kullum na waiga sai in ga ya matso, ya miƙo ƙahonninsa biyu. Na rantse har tari na ji yana yi. Rijiyata yake nema, ita ce kuwa ke shayar da dabinona da albasata.

Na kasa zama. In kafa shingen kaba a bakin rijiya, in saƙa shi tam yadda ko tururuwa sai ta nemi izini, yashi ya taru ya haye shi. In kwashe, in sake kafawa. Tuwo ma a tsaye nake ci.

Ana haka taubashina ya dawo daga aikin kuku wajen wani nasara. Ya same ni tsamo-tsamo cikin yashi.

"Bawana, kabarinka kake tona?"

"Naka ne, mai warin miya. Karɓi kwando."

Ya ƙi karɓa, ya zauna kan guga. Wai maigidansa ya taɓa zama a ƙarshen duniya, inda ƙanƙara ba ta narkewa. Can ma hamada ce: ba itace, ruwan sama sai labari. Iska na tara garin ƙanƙara tudu-tudu, da ƙahonni irin na nan, tana lasar duwatsu har su yi kaifi.

"Hamadar da ba ta ƙona ƙafa? Ƙaryarka ta fi tawa tsawo."

"Tudunsu ma tafiya yake, yana binne ɗaki. Amma mutanen can ba sa kafa shinge a bakin ƙofa kamar wani wawa da na sani. Can nesa suke kai shi, ta inda iska ke fitowa, su bar masa ƙofofi. Iska ta ratsa, ta gaji, ta sauke kayanta can."

Na yi dariya, amma da na ja guga, rabinsa yashi ne.

Ran nan muka kwashi kaba muka haye bayan tudun. Na kafa shinge mai giɓi kamar bakin tsohuwa. Maƙwabta suka ce rana ta taɓa ni.

Yashin ya riƙa tsayawa can. Wanda ya riga ya gangaro ya cinye mini fangalin albasa, amma rijiya ta tsira. Har yau taubashina na cin dabinona kyauta, wai ladan mutanen ƙanƙara yake karɓar musu. Ni kuwa ban daina waige ba.