Omotere, Daga Taɓo Zuwa Dutse

A Obe-Sanmi aka haifi Omotere, cikin gidan katako da ke tsaye kan turaku, ƙarƙashinsa baƙin taɓo, gabansa teku, bayansa rafuka. Ƙasarsu ba ta da dutse ko na jifa. Dutsen niƙan uwarta ma daga tudu aka sayo shi. Ubanta da wanta Malumi su kamo kifi, ita da uwarta su kyafe, ran kasuwa ta loda kwanduna a kwale-kwale ta tuƙa zuwa Igbokoda, inda ruwa ya ƙare hanyar mota ta fara.

Can ta haɗu da Akinduro, wani manomin koko daga Idanre da ke kawo doya idan aikin gona ya yi sauƙi.

"Ke 'yar ruwa," in ji shi, "kifin nan naki ai hayaƙi ya fi tsoka yawa."

"To ajiye, ka je ka ci doyarka gaya."

Bai ajiye ba. Kafin shekara ta zagayo danginsa sun zo da kayan aure, suna ƙanƙame da gefen kwale-kwale, yaran gari na yi musu dariya.

Ranar da aka kai ta, ita ce abin dariya. Yarinyar da igiyar teku ba ta taɓa juya wa ciki ba, sai ga ta tana amai a mota. Farin yashi ya wuce, aka shiga jar ƙasa da kwakwar manja, aka kutsa dajin koko, hanya na ta hawa. Da yamma ta ga duwatsun Idanre sun kewaye garin kamar bakin tukunya. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba ta ga inda sama ta taɓa ƙasa ba.

Ƙafarta ta yi faso. Taɓarya ta sa mata kanta a hannu, don a gidan nan ba a kwana sai an daka sakwara. Surukarta, tsohuwa mai kaifin baki, takan zauna tana kallonta.

"Daka kike yi ko tuƙi? Akinduro, kifin da ka kawo mana ba ya tafiya a tudu."

"Mama, ki bi ni garinmu mu ga taki tafiyar."

"Allah ya kiyaye! Garin da ba a san inda za a binne mutum ba?"

A haka suka saba. Ta haifi Dele, aka koma kiranta Iya Dele, ta ƙara da mace, Ronke. Ta iya fasa koko da shanya shi, ta iya hawan tudu da kaya a ka.

Wata damina, suna dawowa daga gona ita da surukar, ruwa ya tsuge a kan duwatsu. Rafin da suka tsallake da safe iya idon sawu ya koma jan ruwa mai ƙugi. Tsohuwa ta ce ta san rafin tun tana budurwa, ta sa ƙafa, sai ya ɗebe ta. Omotere ta yar da kwando ta faɗa. Ba ta ji tsoro ba, ruwa dai ai ta san shi. Amma ruwan garinsu a kwance yake, yana ba mutum lokaci. Wannan kuwa gangarowa yake da ƙarfinsa, ga duwatsu a ciki. Ta cafko zanen tsohuwa, ruwan ya maka ta da wani dutse, ta ji ƙugunta ya ce ƙas. Ba ta saki ba har wasu manoma suka miƙo musu gora.

Tsohuwa ta fita da ƙujewa kawai. Omotere ta yi watanni a gidan mai ɗori, ta tashi da ɗingishi. Surukar ba ta taɓa yi mata godiya da baki ba, sai dai daga ranar ita ke daka sakwarar gidan, har ƙarfinta ya ƙare.

Bayan tsohuwa ta rasu, Akinduro ma ya bi, Omotere ta ce gida za ta koma. Dele ya yi magiya, ta ƙi. Malumi ya tarbe ta a Igbokoda da jirgi mai inji, kansa ya yi fari fat. Suna cikin tafiya a fili, ruwa ta ko'ina, ya kashe inji.

"Buroda, lafiya?" in ji ta, don haka take kiran wan nata.

"Kin ce gida za ki. Ga shi nan ƙarƙashinmu."

Ta leƙa. Kan wani turke ɗaya ya ɗan fito, tsuntsu na zaune a kai. Teku ta daɗe tana cin garin, mutane na cire katakonsu suna ja da baya, tana biye da su. Rafukan da ake sha duk sun yi gishiri. Ta ce ya tayar da inji, rana na dukanta.

Ta zauna wurinsa damina ɗaya. Gadojin katako sun yi wa ƙafarta santsi, kwale-kwale kuma ba ya son mai ɗingishi, sau da yawa sai an kama ta. Matan Malumi suna cewa harshenta ya koma na mutanen tudu. Da rani ta tattara kayanta ta tafi Okitipupa wurin Ronke, inda ƙasa take a shimfiɗe. Ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayar da kifin da Malumi ke aiko mata, tana faɗa da masu taya shi da arha.

Da Omotere ta rasu, Dele ya so a kai ta Idanre kusa da ubansa. Malumi ya ce bisa al'ada gidan ubanta ya kamata a mayar da ita, sai dai shi ma bai san inda zai nuna ba. Aka yini ana magana. Ronke kuwa ta aika aka kira masu haƙa, suka fara aiki a bayan gidanta, gefen shukar rogo. Da mazan suka ji ƙarar diga, suka fito suka tsaya, daga baya Dele ya cire riga ya karɓi shebur.