Mutumin da ya yi wa ɗana raunin ƙarya

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata 17 ga Fabrairu 2009, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu a Naraguta, Malam Sharafaddeen, mai yi wa 'yan fim kwalliyar rauni. Ban iya rubutu ba sai da na haifi 'ya'ya biyar, amma wannan ba zan ba wani ya rubuta mini ba.

Malam, ka san ba na iya kallon aikinka. Tun rikicin 2001 da ya cinye uban 'ya'yana, ko kaza ake yankawa nakan kau da kai. Babban ɗana Mahdi kuwa adda ya ajiye ƙarƙashin katifa, ya koma zaman gidan kallo, yana tafi duk lokacin da aka sari wani. Da na kawo maka kuka, ba ka yi masa wa'azi ba. Ka ce, "Maman Mahdi, ara mini shi, muna neman gawa."

Ka dafa zoɓo da sitaci, ka ƙona sukari ka zuba, domin a cewarka jinin gaske ba ja ba ne sosai, kuma jan ne ke sa samari tafi. Ka kwantar da shi a rana yini guda, ƙuda na binsa, wata mai suna Hosana da ta fito a uwarsa tana kuka a kansa. Ita ma ta rasa ƙaninta a wancan rikicin. Kukanta ba na wasa ba ne, Mahdi ya ji.

Na kalli fim ɗin ta tsakanin yatsuna, na yi amai a bayan ɗaki. Amma na gane gwaninta ce. Ba ka bar saran ya yi kyau ba, ka nuna shi da nauyinsa.

A Nuwamban da ya wuce, da gari ya sake kamawa, abokan Mahdi suka zo ƙofa suna kiransa ya fito a tafi faɗa. Ina tsaye ina ji. Ya ce musu, "Ni na taɓa mutuwa, ku tafi." Ya sa sakata.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ina yi wa matarka Maimunatu da 'ya'yanka Salma da Rahma ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Mahdi na cikin waɗanda suka ɗauki makararka, da ransa da ƙafafunsa.