Gwadabe da Injin Sanyi

Gwadabe ba ya iya riƙe bakinsa, kuma bai taɓa cewa zai gyara ba. Shi ne bakaniken wata masana'antar jima a Challawa, inda nake buga tafireta a shekarun 1980.

Masana'antar tana da tsohuwar a-kori-kura mai kwaso ma'aikata daga Panshekara. Da ɗari ya shigo sai ta fara gardama da safe. A bakin kafiretarta akwai marfi da ke rufe iska in injin yana sanyi. Wani siririn bututu ke kawo zafi daga salansa ya buɗe shi a hankali. In bututun ya toshe, sai mota ta shaƙe ta mutu. Gwadabe ya wuni yana zungurar bututun da waya.

Manaja, Alhaji Lawan, ya ce, "Gobe a gabana za a tashe ta. In ta mutu, ka nemi wani wurin."

Da safe muka taru. Gwadabe ya ɗaga bonet, ya ɗora tafinsa kan injin, ya janye.

"Wa ya taɓa min mota?"

Mai gadi, Malam Isyaku, ya sunkuyar da kai. Ashe tun asuba ya tura kaskon garwashin da yake jin ɗumi da shi ƙarƙashin injin, don tausayi. Da ɗumin nan motar za ta tashi lafiya, kuma manaja bai lura ba.

"Baba, ita ta ce muku tana jin sanyi? Sauran bargo!" Gwadabe ya ce, sannan ya juya wajen manaja. "Ranka ya daɗe, wannan ba gwaji ba ne. Sai ta huce."

"Bakinka ya faɗa," in ji Alhaji.

Washegari Gwadabe ya murɗa makulli da injin sanyi ƙalau. Ta tashi. Ya riƙe bututun da yatsu, idonsa kan marfin. Bututun bai ɗau zafi ba. Marfin bai motsa ba. Hayaƙi ya yi baƙi, injin ya yi tari, ya mutu.

"Tsatsa ta cinye bututun ta ciki," ya ce. "Ban gano ba."

Ranar ya kwashe sifanoninsa. Ya koma gyara a gindin wata darbejiya a Na'ibawa har ƙarfinsa ya ƙare. Duk mai kawo mota abu ɗaya Gwadabe yake roƙonsa:

"Ka bar ta ta kwana nan. Kuma don Allah kada kowa ya ji tausayinta kafin in zo."