Tantabarun Abu Salim Sun Hana Ni Tarewa

Jama'a, kun taɓa jin tantabaru sun hana mutum shiga gidansa? To yau ni aka yi wa!

Kun dai san gidan da na saya a unguwar Jaradiya. Yau ce ranar karɓar makulli, ƙarfe goma na safe. Na miƙa makullin gidan hayarmu, muka loda kaya a babbar mota, muka iso ni da Maman Aisha da yara.

Muna shiga muka tarar da Abu Salim, tsohon da ya sayar min, zaune yana shan gahawa! An kwashe komai, saura shi da dardumarsa.

Na ce, "Baba, makulli fa?"

Ya ce, "Shuwayya shuwayya, Dakta, bi a hankali. Tantabaruna sun fita kiwo, sai la'asar suke dawowa. Ba inda zan je in bar su."

Ga rana kamar wuta! Yara sai kuka suke. Direbanmu, ɗan Maraɗi, ya ce, "Alhaji, ana jirana a Utaiƙa, in zube kayan nan a titi?" Maman Aisha ta harare ni ta ce, "Wai gida ka saya ko akurki?"

Sai bayan la'asar tantabarun suka dawo. Tsohon ya zuba su a keji, ya miƙo makulli, ya tafi da su. Na ce alhamdulillahi!

Dab da magariba, muna kokawar shigar da firji, sai na ji fuka-fuki a saman bene. Na leƙa. Wallahi sun dawo, dukkansu!

Sai ga wayar Abu Salim. Ya ce, "Dakta, sun iso ko? Zuba musu ruwa. Kar ka damu, na riƙe makulli ɗaya, gobe da safe zan shigo."