Shaidu Biyu a Hannun Baba

Mahaifinmu ya kwashe shekara talatin yana limanci a masallacin unguwarmu a Ƙaura Namoda, sai ga shi azahar ta fara neman haɗewa da la'asar. In ya tafi ruku'u kamar ya tafi Shinkafi a ƙasa. Wani mai sayen hatsi ya rantse min sau biyu motar kasuwar Moriki na barinsa yana sujada. Mutane suka fara raɗe-raɗin a sauya liman. Baba ya ce natsuwa ce, su ne ba su san ta ba.

Ni dai hankalina bai kwanta ba, don na ga yadda sa maɓallin riga ke cinye masa hantsi. Na lallaɓa shi muka je asibiti.

Likitan ya ce yana zargin cutar Fakinsan, wadda ke sa jiki nauyi da makyarkyata. Ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana ya ɗaura wa Baba a hannun dama, ya ce ita za ta auna saurin motsinsa.

"Wato shaida ce," in ji Baba.

"Kusan haka, Malam."

"To shaida guda ba ta yanke hukunci. Kawo ta biyu."

Wallahi ji na yi kamar in nutse. Likita ya danne dariya ya ɗaura wata a hagu. Baba bai gama ba, wai shaidar da ba a san halinta ba sai an tantance ta. Dole muka aika aka ɗauko ladaninmu a babur, mutumin da ko tuwo a tsaye yake ci. Aka ɗaura masa, likita ya ce ya yi ta haɗa babban yatsa da manuni, ya kama yi kamar mai kiran kaji. Na'ura ta ce lafiyarsa lau, har da ƙari.

"Ta san mutane," Baba ya ce, ya miƙa hannuwansa.

Ya fara da kyau. Kafin ya haɗa sau goma yatsun suka ƙanƙance, suka daina rabuwa, yana kallonsu kamar na aro. Layin da na'urorin ke zanawa a allon kwamfutar likita ya yi ta kwanciya. Ta dama ta faɗa, ta hagu ta maimaita.

"Mi suka ce?"

Likita ya gaya masa, ya rubuta magani. Na zaci Baba zai ɗaukaka ƙara. Gyara hularsa kawai ya yi, ita ma ta ɗauki lokaci.

Da la'asar aka tayar da iƙama, ya kama hannun na'ibinsa ya tura shi gaba, ya dawo sahun farko kusa da ni. Sallar ta yi sauri, har wani ya yi ajiyar zuciya. Muka sallame Baba yana raka'a ta uku. Masallaci ya watse, kowa ya ɗauki takalminsa.

Ranar na ji haushin unguwarmu kaf. Na zauna riƙe da takalmansa har ya idar.