Azurfar da Malam Younoussa Ya Wanke

Malam Younoussa jikan maƙeran azurfa ne na Damagaram, kuma ko a Greensboro ta Amurka bai bar kowa ya manta da haka ba. A 2004 ya samu aiki a unguwar Irving Park, gidan wani tsohon Bature, Mista Holt, mai tara tsofaffin sulallan azurfa. Aikin nan shi ke riƙe da gidansa.

Kowane sule an rufe shi ruf a ɗan gidan roba garai-garai, da tambarin masana a kai. Younoussa zai ɗiga man goge roba a ƙyalle mai laushi, ya murza a hankali har karcen ya ɓace, ya sa a leda, ya jera a akwati nesa da danshi. Ya ƙware, amma abin na ci masa rai. Roba na ƙyalli, azurfa a ciki ta yi baƙi ƙirin!

"Aissa, mutanen nan ba su da lafiya," yakan ce wa matarsa. "Kwano suke wankewa, su bar tuwo ya lalace."

"Don Allah Malam, ka goge abin da patron ya ce, ka dawo gida."

Ina fa zai ji. Ran nan ya tarar da wata roba ta tsage a gefe. Ya sa wuƙa ya ƙarasa ta, ya matsa lemon tsami, ya haɗa da toka kamar yadda kakansa ke yi, ya dirje sulen har ya koma fari fat. Ya kai wa mai gida yana washe baki.

Mista Holt ya ƙura wa sulen ido. Ashe wannan baƙin shi ne darajar abin, shi masana ke dubawa. Kuma sulen na mahaifinsa ne, tun da ya rasu ba hannun da ya taɓa shi. Tsohon ya share ido, ya miƙa hannu ya karɓi makullin ɗakin sulallan.

Yanzu Younoussa kwalaye yake ɗauka a wani sito a titin Wendover, bayansa na ciwo. Aissa ta gaji da faɗa. Shi kuwa har gobe cewa yake azurfar ta yi kyau, sai dai in an ambaci hawayen tsohon ya tashi ya bar wurin.