Kumbon Kawu Bitrus a Garejin Gorton

Motoci uku garejina na Gorton zai ɗauka, sana'ata kuwa sayen tsofaffin motoci in tura gida. Amma ɗaya tak nake iya cusawa, domin kumbon Kawu Bitrus ya cinye sauran wurin.

Kun dai san Kawu, ƙanen mahaifiyata. Karatun akanta ya kawo shi ƙasar nan, ya ɓuge da rubuta labaran tafiya duniyar wata da wasannin talabijin. Duk sabon abin da ka nuna masa, waya ko mota mai lantarki, sai ya taɓe baki ya ce ya rubuta shi tun ba a haife mu ba, kuma nasa ya fi ƙarko.

Kumbon na katako ne, wani kamfani a Birmingham ya ƙera shi don fim ɗin da ba a taɓa ɗauka ba. A kowane labarin Kawu akwai kuku mai suna Dauda, Turawan da ke shirya fim kuma kullum sai su sa a kashe Dauda tun kafin kumbo ya tashi. Wannan karon Kawu ya kafe. Suka ce to, a bar Dauda, amma a cire tukunyar tuwonsa. Ya ce babu mai hankalin da zai je wata da biredi. Da suka sallame shi, ya ce su riƙe ladansu, su ba shi kumbon.

Na gaji, na samo mai sayen tsofaffin kayan fim, ya yi tayi mai tsoka. Kawu ya tambaye shi ina zai nufa da shi. Mutumin ya ce ajiyewa zai yi.

"Ɗan nan," Kawu ya ce mini, "raka shi. Ba na sayar wa wanda ba shi da wurin zuwa."

Ran Lahadi bayan coci, yaranmu sukan cika kumbon maƙil. Dokarsa ɗaya: a sararin sama ba a jin Turanci. Mai son a buɗe masa ƙofa, sai ya roƙa da Hausa. 'Yata Rahila ta taɓa wuni a ciki saboda taurin kai, har fitsari ya koya mata "don Allah".

Da Kawu ya rasu, mai sayen ya sake bugo waya. Na zauna na yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Na yi asarar wurin motoci biyu shekara da shekaru. Rahila kuwa yau ita ke hira da kakarta a waya, ba tafinta. Na ce masa ba na sayarwa ba ne.

Allah Ya ba Kawu hutawa, Ya sauke shi lafiya.